An Ce Na Ɓata wa Yarinya Karatu

Shafin ma babu shi cikin littafin! Wallahi babu shi. Ni da idona na ga akuya ta fizge shi da hantsi, ta tsaya bakin murhu tana taunawa kamar an ba ta dusa. Amma ga yarinya zaune bisa tabarma gaban baƙi, yatsanta na tafiya kan takarda, tana zuba labarin da ke cikin tumbin akuya tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Baƙi sai "tubarkalla, masha Allah" suke yi. Yayana ya washe baki har kunne. Ni kuwa ina tsaye bayanta da butar shayi a hannu, na leƙa shafin da yatsanta ke bi, na ga hoton rijiya, ita kuma tana ba da labarin kasuwa.

Tsaya in koma baya kaɗan. Na san na faro muku daga tsakiya, haka nake in abu ya cika mani ciki.

Yarinyar ɗiyar yayana ce, ni gwaggonta ce, kuma ni ce auta a gidanmu. Lokacin tana da shekara takwas, tana aji uku na firamare. Asalinmu can wajen Tsamaye ne, munka dawo cikin Sabon Birni da zama lokacin da kwana a ƙauye ya gagara. Gidanmu gidan malamai ne. Babanmu, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, yana da makarantar allo a zaure, kuma tun da na buɗe ido sautin karatu nake ji safe da yamma. A gida irin namu, yaro mai riƙe abu a ka shi ne ɗan lele. Wannan yarinya kuwa Allah ya ba ta kunne. Ta ji abu sau ɗaya, ya zauna. Tallan mai maganin basir da ke yawo da lasifika ranar kasuwa, wa'azin da anka sa a waya, waƙar da 'yan mata ke yi wajen daka, duk tana maido maka da su har da inda mai magana ya yi tari. Shi ya sa da ta fara zuwa da littafin Hausa daga makarantar boko tana zuba shi kamar ruwan famfo, ba wanda ya yi mamaki. Anka ce ta gado. In an yi baƙi sai yayana ya ce a kira ta ta karanta.

Washegarin ranar akuya na ja ta bayan ɗaki, mu biyu. Na sa tsinke na rubuta "gida" a ƙasa, kalmar da ke cikin littafinta ba sau ɗaya ba.

Na ce, "Karanta mani."

Ba ta ko dubi ƙasa ba. Fuskata ta duba. Ta ce, "Gwaggo, fara mani."

"In fara miki me? Ga shi nan gabanki."

"Ki faɗi na farkon, ni kuma in ƙarasa."

Na rubuta wata kalma, na rubuta wata. Harufa kaɗan ta sani da suna, su ma sai ta rero su daga farko kafin ta iso wanda na nuna. Shekara uku tana zama aji, malami ya faɗa su amsa, malami ya faɗa su amsa, ita kuma kunnenta ya kwashe littafi duka, idonta bai ɗauki komai ba. Kuma kada ku ce gudun da munka yi ne ya ja. Yaran da munka taso tare daga ƙauye, wasu ma sun fi ta rasa makaranta, suna haɗa baƙi ko da a gurguje. Ita ce dai abin ya ƙi shiga.

Na faɗa a gida. Eh, na faɗa, a tsakar gida, gaban kowa, kuma ko yau aka maido ni ranar za ni sake faɗa. Mutane na cewa da na yi shiru. In yi shiru har yaushe? Har ta kai ajin da ba a amshi, a miƙa mata takardar jarrabawa ta ce wa mai tsaro ya fara mata?

Yayana ya ce, "Auta, ke dai ba ki son ganin an yabi wani."

Na ce, "Yaya, buɗe littafin daga tsakiya, ka rufe hoton da hannunka, kada ka ce mata komai."

Ya yi haka don ya kunyata ni. Yarinya ta dubi takarda, ta dubi ubanta, ta dubi takarda, sai hawaye. Yayana ya rufe littafin a hankali ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "To. Kakarta ta Turba ta daɗe tana roƙon a ba ta ita riƙo, ni ina hanawa don ina ganin mai karatu ta. Tun da babu karatun, in an kawo gero gida sai ta tahi."

Kakar nan uwar matar yayana ce, tsohuwa ce mai awaki da ciwon ƙafa, tana buƙatar mai ɗebo mata ruwa, ba ƙarya ba ne. Amma ni na san unguwar da take zaune. In yarinyar nan ta je can, ita da boko sai dai a labari.

Na ce, "Ka ba ni ita kafin girbi."

Ya ce, "Ke da kika gama sakandare da ƙyar? Malaman gwamnati sun yi shekara uku sun kasa."

Na ce, "Ba su kasa ba, ba su san akwai abin yi ba. Ni na sani."

Ƙarya nake, ban san komai ba. Bakina ne kawai ya riga ni.

Ranar farko na yi abin da duk wanda ya tashi gidanmu zai yi. Na samo allon katako na rubuta ba, be, bi, bo, bu, na ce ta bi ni. Kafin magariba ta haddace har layin ƙarshe, da karin murya mai daɗi, har ƙannenta sun kama suna yi mata amshi. Na kwana ina murna, na ce ashe abin ba wuya. Da safe na ɗora yatsa kan "bo" na ce mene ne wannan. Sai na ga leɓenta na motsi a ɓoye: ba, be, bi... sannan ta ce "bo!" da ƙarfi. Na goge allon na rubuta "bo" shi kaɗai. Ta kasa. Ashe wata sabuwar waƙa na ƙara mata bisa waɗanda take da su.

Sai na tafi wajen taubashina, ɗan gwaggona, wanda ke koyarwa a wata firamare cikin gari. Na same shi ƙofar gida yana wanke babur.

Ya ce, "A'a, shugabar jami'a! An ce kin buɗe makaranta bayan ɗaki, ɗaliba guda, ita ma kuka take."

Na ce, "Gara ni ɗaliba guda. Kai da ke da garke, ko sunansu ka sani?"

Ya yi dariya, sannan ya ajiye soso. Ya ce, "Wallahi ban san na wasu ba. Ajina in kin shiga ba inda za ki aza ƙafa. In ban yi masu amshi ba mi za ni yi? Irin ɗiyarku suna nan cikin ajina, ina ganin bakinsu na motsi, na san iska ce, amma hannuna biyu na."

Shi ya gaya mani an taɓa kai su bita, anka nuna masu a fara da sautin harafi, ba sunansa ba. Ya ce yawancin yara in an nuna masu haka suna kamawa. Amma akwai waɗanda sai an zauna da su su kaɗai, kullum, kaɗan-kaɗan, ana komawa baya ana sake gini, kuma shi bai taɓa samun sararin gwadawa ba. Ya tura mani 'yan bidiyo daga wayarsa zuwa tawa, na wata mata tana koya wa yaro da katuna. Da zan tafi ya ɗaga murya ya ce, "Farfesa! Kome za ki yi, kada ki bari ta rera. In ta rera ta tsere miki."

Na kalli bidiyon nan har na haddace tsagen mayafin matar. Ba ni da katuna. Na bi shagunan bakin tasha na tsinto marufan kwalaben lemo, na wanke, na sa jan farce na rubuta harafi ɗaya cikin kowane, na zuba su a ƙwarya. Dabarar ke nan da nake ta zumuɗin gaya muku! Abin da ke cikin ƙwarya ba shi da farko ba shi da ƙarshe. A girgiza, ta sa hannu ta ciro, abin da ya fito shi ne. Ba layi, ba jeri, ba abin da kunne zai riƙe. Dole ido ya yi aikinsa.

Ban zuba duka a lokaci guda ba. Marufi 'yan kaɗan munka fara da su. Ta ciro, ta faɗi sautin, ba sunan ba. Ta zana shi cikin toka bisa faifai tana faɗi. In zana mata shi a gadon baya da yatsa ta canka. Sannan in aza biyu nesa da juna in riƙa turo su a hankali har su haɗu, ita kuma tana jan sautin farko har ya faɗa cikin na biyu. Ba na ƙara sabon marufi sai tsofaffin sun zauna daram. Kuma ba mu daɗewa. Bayan la'asar, ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke bayan ɗakin innarmu, kafin inuwa ta kai bango mun tashi. Amma kullum. Kullum ɗin nan shi ne maganin, kuma shi ne abin da ya fi ba mutane haushi.

Kada ku ɗauka tafiya ta miƙe. Abin da ta sani yau, gobe sai ta dube shi kamar baƙon da bai yi sallama ba. Akwai harufa biyu masu ciki, b da d, ɗaya gaba ɗaya baya, da sunka ba mu wahala har na raba su, na ɓoye ɗaya cikin gwangwanin allurai sai da ɗayan ya zauna. Wata rana na maimaita abu guda har muryata ta dushe. Kuma yarinyar nan wayo gare ta kamar zomo. In na saba fara ciro wani marufi, ta gane. In na ɗaga gira kafin ta yi kuskure, ta gane ta canza. Sai da na koyi daskarar da fuska kamar mai gadin banki.

Gidan kuwa kowa da abin da yake faɗi. Matar yayana in ta wuce da tsintsiya sai ta ce, "Ana nan ana carafke da marufan lemo?" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ita a saninta mai tsintar marufi a tasha sunansa daban. Amma wanda ya fi damuna Malam ne. Wata rana ya kira ni zaure bayan yaransa sun tashi.

Ya ce, "Auta, an ce kina karantar da yarinyar ga."

Na ce, "Eh, Malam."

Ya ce, "Ina zaune nan kullum, ban taɓa jin sautinku ba. Wane irin karatu na wanda ba a ji daga zaure?"

Na durƙusa, na ce, "Allah shi gafarta Malam, sautin ne ciwonta. In ta ɗaga murya da kari, kunnenta ke karatu. So nake idonta ya koya."

Bai ce na yi daidai ba, bai ce in bari ba. Da yamma ya aiko da rubutu a ɗan kofi a ba ta ta sha don buɗin ƙwaƙwalwa. Wasu sun zaci za ni ƙi. Don me? Ni na riƙe mata kofin, ta yi bisimilla ta shanye, na goge mata baki, na girgiza ƙwarya munka ci gaba. Addu'a da aiki ai ba su taɓa faɗa da juna ba.

Ita kanta yarinyar ta yaƙe ni. Wannan ne ba a gaya maka a bidiyo. Wata la'asar ta ciro marufi, ta kasa, ta ciro wani, ta kasa, sai ta sa ƙafa ta shure ƙwaryar, marufai sunka watse har cikin turken awaki.

Ta ce, "Da ina da karatu! Kowa na cewa ina da karatu! Ke kika ɗauke mani!"

Ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Da ita ce tauraruwar gida, yanzu in an yi baƙi ba mai kiranta. Amma ban rungume ta na ce yi haƙuri mun bari ba. Na ce, "Abin da na ɗauke ba naki ba ne, na malaminku ne, aro kika yi. Wanda za mu samu nan ba mai karɓe miki shi. Tashi ki tsinto su." Ta yi kukanta, na jira. Da ta gaji ta tashi ta tsinto, tana tsinta tana harara ta. Munka ƙarasa na ranar.

Ko ranar da munka tafi suna garin Isa ban ɗaga ƙafa ba. Na ƙulle marufan a leda na cusa cikin jaka. Ana tsakar rabon tuwo na ja ta bayan rumbun mutane munka zauna. Wata 'yar uwar innarmu ta biyo mu ta ga abin da muke yi, ta riƙe haɓa ta ce, "Auta, ke kam ko aljani ya kama mutum yana ba shi hutun Juma'a." Na ce, "Inna, nawa ba ya bayarwa."

Ranar da abin ya fara tsagewa, gero ya riga ya fitar da kai. Na jera mata marufi huɗu ban ce komai ba. Ta aza yatsa. Ta ja na farko ya faɗa cikin na biyu: "ka". Ta tsaya. Ta ja na uku: "za". Ta sake, "ka... za." Ta juya a hankali ta dubi kazar da ke tono kusa da mu, ta dawo ta dubi marufan, ta sake duban kazar kamar ita ta aiko da saƙon.

Ta ce, "Gwaggo, kaza? Wannan kazar?"

Na ce, "Ko wata."

Wayyo, ku zo ku ga tsalle! Ni ce mai tsallen, ba ita ba. Ita cewa ta yi, "Sake wani." Ban fara mata ba, ban ɗaga gira ba, ba wanda ya taɓa rera mata wannan jerin. Daga ranar na fara rubuta mata 'yan gajerun maganganu da gawayi a bangon bayan ɗaki, da harufan da ta riga ta sani kawai, in goge in sake wasu kafin su zama waƙa. Tana yi, amma a hankali, kamar mai tafiya cikin laka da tulu a ka.

Girbi bai jira mu ba. Anka kawo gero, anka ɗaure dammuna, anka zuba a rumbu. Wata safiya sai ga kawunta, ƙanen uwarta, ya iso daga Turba bisa babur. Ko zama sosai bai yi ba, ya ce yana son su kama hanya da wuri, ba a son yamma ta riski mutum a dajin nan. Uwarta ta riga ta ɗaure mata kaya a ɗan buhu, idonta ja wur, don ita ma tsakanin uwa da ɗiya take, ba ta san wanda za ta zaɓa ba.

Munka taru a tsakar gida. Har Malam ya shigo ya zauna bisa buzunsa. Sai yayana ya shiga ɗaki ya fito da tsohon littafin nan nata. Ya buɗe shafin farko, bai rufe hoto ba, ya miƙa mata.

Ya ce, "Gwaggonki ta ce ta koya miki. Karanta. In kin karanta kin zauna."

Nan take na gane. Yayana bai son ta tafi. Ya san ta haddace shafin nan kamar sunanta. Ƙofa ya buɗe mata, ta zuba kamar da, ya juya ya ce wa surukinsa ka gani, mai karatu ce, a ba tsohuwa haƙuri. Ni kuma da na yi wata da watanni ina hana ta rerawa, wallahi a zuciyata cewa nake, rera, ɗiyata, rera kawai, yau ɗaya, gobe ma gyara.

Ta karɓi littafin. Ta dube ni. Na daskarar da fuska don na riga na saba. Sai ta aza yatsa ƙarƙashin harafin farko, ta fara ja.

Jama'a, ban taɓa jin layi mai tsawon wannan ba. Ta ja, ta tsaya, ta koma baya. Ta yi kuskure ta gyara da kanta. Wata kalma ta tsaya mata a wuya har zakara ya yi cara ya gama ba ta fita ba. Shafin da take zubawa kafin a ƙifta ido, ga shi ta yi gumi ba ta kai rabin layi na biyu ba. Kawunta ya duba rana. Yayana ya fizge littafin.

Ya ce, "Kin gani? Kin gani, Auta? Da tana karatu kamar ruwa, yanzu ji ta kamar jakin da ya taka ƙaya! Kin ɓata mani ɗiya! Ɗan abin da take da shi ma kin rushe!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban taɓa ɗaga wa yayana murya gaban Malam ba sai ranar.

Na ce, "Ruwan da kake faɗi ba karatu ba ne, Yaya, kai ma ka sani! Wannan tuntuɓen da kake ji, shi ne karatun farko da ta taɓa yi gabanka!"

Na zari gawayi daga murhu na miƙa wa kawunta, don shi ba ruwansa da rigimarmu. Na ce, "Kawu, rubuta abin da ka ga dama a bangon nan. Kome. Kada ka faɗa."

Ya yi dariya ya ce shi bokonsa na saƙon waya ne. Na ce ya isa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya yi murmushin mugunta, ya rubuta da manyan harufa karkatattu: HAU BABUR MU TAHI.

Ga shi kuwa manyan harufa ba mu daɗe da fara su ba. Ta matsa jikin bango. Ta aza yatsa, gawayi ya ɓata mata shi. "Ha... u. Hau." Ta matsa. "Ba... bu..." Harafin ƙarshe ya tsaya shi kaɗai ba abokin tafiya, ta dube shi, ta koma baya, ta sake tahowa da gudu kamar mai tsallake kwata. "Ba... bur. Babur." "Mu." Wannan bai ba ta wuya ba. "Ta... hi."

Ta tsaya. Na ga leɓenta na maimaita su a haɗe. Sai ta ja da baya daga bangon kamar ya yi zafi, ta juyo ta dubi kawunta, ta ce da ƙarfi:

"Ba ni zuwa!"

Kawun ne ya fara fashewa da dariya har yana dukan cinya. Uwarta ta sa gefen zane ta rufe fuska, ban san ko dariya take ko kuka ba. Malam bai yi dariya ba. Ya dubi bangon, shi da bai karanta boko, ya ce wa kawun, "Mi ka rubuta?" Ya gaya mashi. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Bango ya yi mata magana ta ba shi amsa. A kwance kayan." Ya tashi ya naɗe buzunsa ya koma zaure.

Kada ku ce an yi biki. Yayana cewa ya yi, "Zuwa ƙarshen zango mu gani," kuma ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Tsohuwa ta Turba ta yi fushi, kuma tana da gaskiyarta, ƙafarta ba ta daina ciwo don jikarta ta karanta bango ba. Anka shirya yarinya ta riƙa zuwa mata da hutu in hanya ta yi kyau. Na ce to, amma da ƙwaryarta za ta, kuma kawun nan mai bokon saƙon waya shi zai riƙa girgiza mata. Ya ce ya shiga uku. Na ce ai kai ka rubuta.

Ƙarshen zangon ya zo ya wuce, ba wanda ya sake ta da maganar. Tana makaranta. Har yanzu a hankali take karatu, har yanzu akwai ranar da harafi ke ɓace mata kamar ba su taɓa haɗuwa ba, kuma har yanzu in baƙi sun zo ba a kiranta, don ba mai haƙurin jira. Maƙwabciyar nan ta katanga tana nan tana gaya wa mutane na ɓata yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ta faɗa. Ita ce kuma ta turo mani ɗanta a ɓoye ta ƙofar baya, wai in duba ko shi ma rerawa yake. Rerawa yake.

Yanzu ga inda na maƙale, kuma ba kunya nake ji ba. In magana ta yi tsawo, kafin ɗiyata ta ja ta kai ƙarshe ta manta farkon, sai ta karanta duka daidai amma in na ce me anka ce, ta ɗaga kafaɗa. Na gwada yanka maganar gida biyu, na gwada ta sake bi sau biyu, wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi. Na san ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata a Bafarawa ko Isa ko wani gari da ban taɓa zuwa ba, zaune da yaron da kowa ya ce ba ya ja, ko wanda kowa ke yabo alhali yatsansa na bin hoton rijiya. In ke ce, in kai ne, ku gaya mani yadda kunka gane, da abin da kunka gwada, har wanda bai yi ba. Wanda bai yi ba ma na fi so in ji, don kada in ɓata la'asar guda a kansa.